Gonar Fammar da Takardar da Na Rubuta

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Kano, mu uku a tsohuwar motar ofis: ni, da abokin aikina, da direbanmu wanda tun daren jiya yake rantsuwa cewa ya gyara na'urar sanyaya motar. Ba mu kai Na'ibawa ba na ce masa ya fara shirin kaffara. Bazara ce, irin wadda tun kafin rana ta fito mutum yake jin zufa tana bin gadon bayansa. Muka sauke gilasai, na rungume fayil ɗina a kan cinya don kada iska ta watsa mini takardu.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata sun san aikina, amma bari in faɗa saboda sababbi. Ina aiki a ofishin neman gudummawa na jami'armu. Mu ne masu bin attajirai da tsofaffin ɗalibai muna neman su taimaka da gini, ko littattafai, ko tallafin karatu. Wata ƙawata tana kiranmu maroƙan boko, kuma ban taɓa samun amsar da zan ba ta ba. Nawa ɓangaren shi ne tsari: wa zai je wurin wa, yaushe, kuma da wace buƙata.

Ba haka kawai aka ƙirƙiro wannan aikin ba. Shekara guda da ta wuce, wani attajiri a cikin birni ya karɓi tawaga huɗu daga jami'armu a mako guda. Litinin mutanen likitanci, Laraba kwamitin masallaci, Alhamis shugabannin ɗalibai, Asabar kuma sai ga mu da kanmu, babu wanda ya san da zuwan wani. Mutumin ya dube mu ya ce, "Wai jami'ar nan taku guda nawa ce?" Ya sa aka kawo mana lemo mai sanyi, daga ranar bai ƙara ɗaga wayarmu ba. Wallahi na ji kunyar da har yau in na tuna sai na runtse ido. Na koma na zauna na rubuta takarda, shugaban jami'a ya sa hannu, aka raba wa kowane sashe: duk wanda sunansa yake cikin jerin masu ba mu gudummawa, ba ma'aikacin da zai je wurinsa sai da izinin ofishinmu a rubuce. Takardar ta yi aiki, cin karo ya ragu ƙwarai, ni kuwa ina ta hura hanci.

A cikin jerin nan akwai wani Alhaji a Fammar, ƙasar Kibiya, manomi kuma mai sayen hatsi. Ya yi alkawarin bai wa jami'a gona a bakin rafi a matsayin waƙafi, don ɗaliban aikin gona su sami wurin gwajin iri. Abin da ya rage kawai a sa hannu a nuna iyaka kafin ruwan shuka. Sai Alhaji ya yi shiru. Takarda uku na aika masa, ko ɗaya bai amsa ba. Ɗaliban shekarar ƙarshe kuwa sun riga sun tsara bincikensu a kan gonar nan, in damina ta sauka ba a miƙa ta ba, aikinsu na bana ya rushe. Shugaban tsangayarsu ya hana ni sakat, kullum yana bakin ofishina. Abin da ya fitar da mu ke nan.

A Karfi muka bar titin Zariya muka karya hagu. Duk zafin da ake yi, gefen hanyar nan kore ne shar saboda noman rani, ga shinkafa an baza tana shan rana a kan tamfol har tana cin gefen kwalta, direba yana ta kauce mata yana mita. Allunan zikirin nan da aka kakkafa a bakin hanya tun farkon shekarun Shari'a suna nan, fentinsu ya koɗe amma ana iya karantawa. Kusa da su kuma fastocin 'yan takarar zaɓen da ya wuce, wanda ya ci da wanda ya faɗi duk suna murmushi iri ɗaya. Bayan Bunkure muka shiga wasu ramuka da suka sa abokin aikina ya daina karanta jarida ya koma salati.

Duwatsu ne suke fara gaya maka ka iso Rano. Muka tsaya kusa da tasha don karyawa, wurin wata mai waina da ta jera tandarta a ƙarƙashin darbejiya. Waina ce mai laushi da miyar taushe, kuma abin da muka biya mu uku bai kai kuɗin farantin mutum ɗaya a unguwarmu ba. Tana juya waina tana karanta rubutun jikin motarmu.

"Au, ku ne masu yajin aikin?" in ji ta. "Ɗana yana wurinku, shekararsa shida yana karatun shekara huɗu."

Abokin aikina ya fara yi mata bayanin cewa mu ba malamai ba ne. Ta ce ita dai duk jirgi ɗaya ya kwaso mu, ta ƙara mana waina biyu gyara, ta ce mu ci mu je mu sallamo mata ɗa.

Daga Rano zuwa Kibiya kowa yana gona. An yi shara, an tara kara ana ƙonawa, amalanken shanu suna ta jigilar taki suna zubewa tsibi-tsibi. Na lura duk wanda muka wuce, in ya ɗago daga aiki sai ya dubi gabas. Ni ma na kama kaina ina duban gabas ɗin, sai dai su ruwa suke roƙo, ni kuwa ina roƙon ya ɗan jinkirta mini kwana biyu. Mangwaro ya yi arha har ana rantsuwa da shi, direba ya sayi kwando guda ya cusa a but, ƙamshinsa ya raka mu har ƙarshen tafiyar.

Ba mu sha wahalar samun gidan Alhaji a Fammar ba, mutum na farko da muka tambaya ya nuna mana da sandarsa. Gida ne babba na ƙasa da aka yi wa shafen siminti, rumbuna suna leƙowa ta saman katanga. Alhaji ya fito da kansa, dogo, siriri, farin gemu. Ya yi mana maraba yadda ya kamata, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi. Babu abin da za ka kama a fuskarsa. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, ina shirin zama in buɗe fayil sai ya ce, "Hajiya, bismillah, shiga daga ciki ku gaisa." Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɗan sosu. Ni ce shugabar tafiya, ni na san abin da ke cikin takardun, amma ni aka tura cikin gida. Na miƙa wa abokin aikina fayil na shige ina cije leɓe.

Na tarar da mai ɗakinsa, wata dattijuwa gajera mai kaifin ido, a inuwar rumfa tana ɓarar gyaɗar iri. Na durƙusa na gaishe ta. Ta sa aka dama mini fura da nonon da ta ce yanzun nan 'yar Fulani ta sauke shi. Na sha, na ja kujera 'yar tsugunno na sa hannu a gyaɗar, don zama haka kawai ana kallon juna ba daɗi. Mun ɗan taɓa hirar zafi da tsadar taki, sai ta jefo mini tambaya ba tare da ta ɗago ba.

"'Yar nan, tunda daga makarantar kuke, Malam Idi yana raye kuwa?"

Na san sunan, amma ban san fuskar ba. Malam Idi malamin gona ne a tsangayar aikin gona, ƙaramin ma'aikaci. Wata biyu bayan fitar takardata, littafin zirga-zirgar motoci ya nuna ya zo Fammar ba da izini ba. Ni na kai rahoto, aka ba shi takardar tuhuma, a lokacin saura 'yan watanni ya yi ritaya. Ban ƙara tunawa da shi ba. Na ce mata yana raye, sai dai ya bar aiki.

Ta ce, "To, alhamdu lillahi. Mu dai mun ce ko mutuwa ya yi ba a gaya mana ba."

Daga nan ta warware mini zare da abawa, tana magana hannunta bai daina aiki ba. Sama da shekara ashirin Malam Idi yana shigowa gidan nan. Shi ya kawo wa Alhaji irin dawa mai saurin nuna a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Sallah ba ta wucewa bai zo ba, suna ko biki kuwa har cikin gida yake shigowa, ya san 'ya'yan gidan ɗaya bayan ɗaya. Maganar gonar ma ba roƙa ya yi ba. Suna hira ne wata rana Alhaji ya ce, yaran nan naku a ina suke koyon noman, a jikin allo? Shi ke nan asalin alkawarin.

"Da kakar nan ƙanen Alhaji ya rasu," in ji ta. "Gandunsu ɗaya tun suna samari, ba su taɓa raba rumbu ba. Kwana bakwai Alhaji yana ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, duk motar da ta tsaya sai ya ɗaga kai. Har Fulanin da suka yi shari'a da shi a kan ɓarna sun zo sun zauna. Malam Idi sai waya ya bugo. Alhaji ya ce ya gode, ya kashe."

Ta watsa ɓawo a kwando ta ci gaba. "Ana cikin kwana bakwai ɗin sai ga mai babur da takardarku, mai tambari a goshi. Alhaji ya ɗauka ta'aziyya ce makaranta ta aiko. Ya miƙa wa wani malamin firamare da ke zaune a wurin ya ce ya karanta wa jama'a. Ashe tuni ake yi masa a kan gona."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a, ni na sa hannu a takardar nan. Ita ce ta biyu, har da layin da na ja a ƙarƙashin ranar da muke son amsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina iya yin shiru in shanye furata in tafi, don ba ta san ko ni wace ce ba. Amma bakina ya riga ni. Na gaya mata komai, attajirin birni, da dokar izini, da tuhumar da aka yi wa Malam Idi, da cewa duk hannuna ne.

Sai a lokacin ta ajiye gyaɗar ta dube ni sosai.

"To ke 'yar nan, a wurinku gaisuwar mutuwa ma sai an cika fom?"

Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga mini hannu.

"Ba ni za ki bai wa haƙuri ba. Kuma kada ki fita ki ce za ki ba Alhaji da baki, zai ce miki ba komai, ya raka ku har mota, shi ke nan kun rabu. Na fi shekara arba'in da shi, na san halin kayana. In da gaske kike, je ki kawo masa mutuminsa."

Na fito na tarar da abokin aikina ya yi nak da soyayyar zabuwa. A mota ya ba ni rahoto: sun yi maganar ruwa, sun yi ta taki, sun yi ta siyasa, amma duk sanda ya kai hannu kan fayil sai Alhaji ya ƙwala kira a ƙaro abinci. Na ce masa ya bar fayil ɗin nan ya huta. Na buga waya tsangaya, aka ce Malam Idi ya koma garinsu, Zinyau, ta wajen Rano. Direba ya dubi allurar mai, ya dube ni, ya ce shi dai ba a rubuta masa Zinyau a takardar tafiya ba. Na ce masa yau na ƙoshi da maganar takarda, ya ja mu tafi.

Muka koma ta Kibiya rana tana tsakar ka, muka yi azahar a Rano. Hanyar Zinyau daga inda muka bar kwalta sai a hankali, yashi a nan, kwazazzabo a can. Ban ga komai a hanyar nan ba sosai, gaskiya, don ina ta shirya abin da zan faɗa ina rushewa. Mutumin da ka sa aka tuhuma, ba ka taɓa ganin idonsa ba, da wace kalma za ka fara?

Mun same shi a bayan gidansa, a wani ɗan fili da ya kewaye da kara, yana aurar da mangwaro. Ga dashe nan jere a baƙaƙen ledoji, yana yanka reshe da reza yana ɗaurewa. Gajeren dattijo ne mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Da ya hango tambarin jami'a a jikin mota sai ya miƙe da sauri har rezar ta faɗi.

"Lafiya dai, ranku ya daɗe? Wani abu ne ya taso a kan fanshona?"

Wannan tambayar ta fi komai yi mini ciwo a tafiyar nan. Na durƙusa har ƙasa na ce, "Baba, ba abin da ya sami fanshonka. Ni ce na rubuta takardar da ta hana ka zuwa Fammar, ni ce kuma na kai ƙararka. Daga can muke. Na zo neman gafara."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce in tashi, 'yar cikinsa ba ta durƙusa masa a rana. Muka koma inuwa.

"Ai na nemi izinin, ranki ya daɗe," in ji shi. "Ranar da aka yi rasuwar na rubuta, na kai ofishinku da hannuna. Aka ce in jira. Na jira aka yi uku, na jira aka yi bakwai. Ga tuhuma ɗaya a fayil ɗina, an ce in ta zama biyu sai ta taɓa haƙƙina na barin aiki, ga 'ya'ya mata uku a gabana."

Na ce ban taɓa ganin takardar ba. Bai musa mini ba.

"Amma kada ki ɗauki laifin duka. Nawa ya fi. Tsoron fansho ya hana ni abin da Allah ya ɗora mini. Da na yi ritaya wa zai hana ni? Sau biyu ina hawa babur, in kai Kibiya in juyo. In na tuna wata nawa ya wuce sai in ce da wace fuska zan yi masa sallama. Kullum sai abin ya ƙara nauyi."

Na ce, "Baba, ga mota. In ka yarda, yau."

Ya dubi dashensa, ya dubi rana. Ya shiga gida ya daɗe, har direba ya fara cewa anya. Sai ga shi ya fito cikin farar riga mai karin guga da hula, ya zaɓi dashen mangwaro biyu mafiya kyau ya rungumo. Abokin aikina ya bar masa gaban mota. Tun daga Zinyau har Kibiya yana riƙe da ledojin a kan cinya, ƙasa tana zubo masa a farar rigar bai ko kula ba. A daidai wata kwana ya nuna da haɓa ya ce, "A nan nake juyawa." Direba ya ƙara wuta.

Mun isa Fammar ana fitowa daga la'asar. Gabas ta fara haɗa baƙi, iska tana kaɗa ganyen darbejiya. Alhaji yana zaune a kan buzunsa a ƙofar gida da carbi, mutum uku ko huɗu a gefensa. Ya ga motarmu ta dawo, ya ga wanda ya fito daga gaba, carbin ya tsaya a hannunsa. Malam Idi ya ajiye dashen, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tako a hankali ya tsuguna a bakin tabarma.

"Alhaji, ya muka ji da haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya sa can ta fi nan."

Wata shida da rasuwa, amma ya faɗe ta kamar jiya aka yi. Ni ina jikin mota ina jira, don in Alhaji ya ce ba komai, na san an gama.

Alhaji ya ce, "Haƙuri da godiya." Ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, aka yi wa mamaci addu'a aka shafa. Sannan ya ƙura masa ido ya ce, "Malamin gona, ka tsufa." Ya matsa gefe a kan buzun ya buga wurin da tafin hannu. "Taso daga nan. Tun kaka ba wanda ya zauna a nan."

Malam Idi ya tashi ya zauna, ya sa hannun riga ya rufe fuska. Ni ma na juya na shige cikin gida, don ba na son direba ya sami abin tsokanata da shi. Mai ɗakin Alhaji tana bakin ƙofa ta ciki, ashe duk tana leƙe. Ta kama hannuna ta zuba mini gyaɗa cike da tafi.

Fayil yana mota, kuma na yi niyyar ko za a yanka ni ba zan ta da maganar gona ba. Alhaji ne ya sa aka kira ni da muka zo sallama. Wannan karon a zauren ya ce in zauna.

"Hajiya, na san abin da ya kawo ku," in ji shi. "Gonar bakin rafi na riga na ba 'ya'yan marigayi su noma bana. Sun share, sun kai taki, ba zan tashe su ba. Baɗi in muna da rai, Malam ya zo da yaran naku ya nuna musu iyaka, ya fi 'ya'yana sanin ta. Alkawari na nan. Amma kada a ƙara aiko mini da takarda, a aiko shi."

Abokin aikina, Allah ya shirye shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai Malam ya yi ritaya."

Alhaji ya ce, "A wurinku."

Na yi godiya, amma na san abin da hakan yake nufi. Ɗaliban bana sun rasa gonar. Yara ne da na san fuskokin wasunsu, sun zo ofishina sau biyu suna tambaya cikin ladabi. Yanzu sai an nema musu wani ɗan fili a matse a cikin makaranta, wasu su sauya bincikensu daga tushe. Ba ruwan Alhaji, ba ruwan damina, ni na jawo musu.

Alhaji ya hana Malam Idi biyo mu, ya ce sai ya kwana biyu, kuma da safe za su dasa mangwaron tare. Muka kamo hanya mu uku kamar yadda muka zo. Tsakanin Rano da Bunkure ruwan farko ya same mu, manyan ɗigo masu ƙarfi, ƙamshin ƙasa ya cika motar. Mutane suka fito bakin hanya, masu shinkafa suna ta rige-rigen naɗe tamfol. Direba ya ce to ga na'urar sanyi nan Allah ya gyara, kaffara ta faɗi. Na yi dariya a karon farko tun safe. Bayan isha na shiga gida da kasona na mangwaron da direba ya raba mana uku.

Abin da na koyo ba wai tsari banza ba ne. Har gobe ba na son tawaga huɗu ta sake haɗuwa a ƙofar mutum ɗaya, kuma buƙata in za a kai ta, dole a san wa zai kai. Kuskurena shi ne na ɗauka jami'a ce ta san Alhaji, alhali mutum ɗaya ne a cikinta ya san shi, da ƙafarsa, shekara ashirin. Na zo da jeri da tambari na tsaya a tsakaninsu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, na sha faɗar ta a taro, ban san ni ce zan ɗaure wa wani ƙafa ba. Na riga na gyara takardar, tana teburin shugaba: izini na roƙo ne kawai. Gaisuwa, da dubiya, da suna, da ta'aziyya, ba ruwan ofishina da su. A jerin kuma, gaban kowane suna na buɗe gurbin rubuta wanda ya kawo mana shi, ko da masinja ne. Na kuma je da kaina na tsaya a gaban ɗaliban na gaya musu dalilin rasa gonar, ban laɓe a bayan kowa ba.

Saura abu ɗaya da ban gaya muku ba. Washegarin dawowarmu na riga kowa zuwa ofis, na sauko da fayil ɗin neman izini, ina fatan in tabbatar wa kaina cewa takardar Malam Idi ɓata ta yi a hannun wani. Tana nan, ta goma sha wani abu daga sama, a falle ɗaya da aka yago daga littafin makaranta. Ya rubuta cewa an yi wa amininsa rasuwa a Fammar, yana neman izinin zuwa ta'aziyya, kuma ya yi alkawarin ba zai yi maganar gona ba. A kusurwar sama akwai rubutu da jan biro: a ajiye sai zaman kwamiti na gaba. Rubutuna ne, da sa hannuna a ƙasa. Layi uku ce kacal, da na tsaya na karanta ta, ko minti ɗaya ba za ta ci mini ba.